Sun Zo Neman Muryar Sule Ƙanƙara

Shekara shida ke nan da rasuwar Sulemana mai aski, wanda mutanen titin Grand Concourse na New York suka fi sani da Sule Ƙanƙara. Ni ne Habu direban tasi, abokinsa mai zaman kujerar bakin ƙofa, ko da yake sanƙo ya daɗe da raba ni da aski. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in kama bakina. Bana shirun ya gagara, domin wasu mutane sun zo neman muryarsa.

Sule ɗan Zongon Kumasi ne. Da ya iso New York, aikinsa na farko shara ne a wani filin hoki na ƙanƙara, wasan nan da ƙarti ke sulɓi a kan takalman ƙarfe suna korar ɗan baƙin faifai da sanduna. A nan abin ya shiga ransa. Da ya buɗe shago sai ya rataya talabijin, ya sayi tashar da ke nuna wasan, mai tsadar da ta sa muka ce ya zare. Mutumin da ya taso bai san ƙanƙara ba sai a firji! Mu ƙwallon ƙafa muke so. Ya ce shagonsa ne, wanda bai gamsu ba ga ƙofa nan.

Abin da ya zaunar da mu shi ne yadda yake kashe sautin Turawan ya yi sharhin da bakinsa, almakashi a hannu. Kowane ɗan wasa sai da ya raɗa masa suna. Akwai Mai Haƙori Ɗaya, akwai Buhun Masara mai tsaron gida, akwai wani dogo mara fasali da yake kira Surukin Habu don kawai ya ja ni da faɗa. In 'yan wasa suka kaure da dambe, sai ya ce a ƙyale su, rabon gado suke yi. 'Yan Nijar masu kasuwanci a Canal Street sukan hau jirgin ƙasa na layin D su zo wai aski, alhali shekaranjiya aka aske su. Da zarar tallar giya ko ta caca ta fito, sai ya yafa wa talabijin tawul har ta wuce, ko da yana tsakiyar gyara gemun mutum.

Yau wasan ya yi araha. A waya ake kallonsa, a bas, a layin jiran fasinja, wani lokaci ma kyauta. Masu shi sun ce sababbin 'yan kallo suke nema, irinmu. Na san da Sule yana nan da farko murna zai yi, don yakan yi takaicin yaran unguwa da iyayensu ba su iya sayen tashar. Amma na san shi da bin diddigi. Sai ya tambaya me ya sa abin da jiya aka kulle mana yau ake bin mu da shi har aljihu. Ni na gwada manhajar kallon. Ta nemi lambata, da shekaruna, da unguwar da nake kwana. Ba a jima ba kowane hutun wasa sai tallar caca, har da sunana a ciki. A waya kuwa babu mai yafa tawul.

Bayan rasuwarsa, 'yarsa Zulai ta sa wasu 'yan bidiyoyin sharhinsa a intanet don tunawa. A can wani kamfanin nuna wasanni ya tsinto su. Kwanan baya suka turo wani saurayi gidan matarsa, Hajiya Memuna, ita kuma ta aika aka kira ni. Yaro ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya yi sallama da Hausar da ka ji ka san a hanya ya haddace ta. Ya ce suna son fara sharhi da Hausa, kuma na'urarsu ta riga ta koyi muryar Sule. Izini kawai suke nema, da sauran bidiyoyin da ke hannun iyali.

Ya kunna mana gwaji a wayarsa. Wasan bana ne, 'yan wasan da Sule bai taɓa gani ba, amma ga muryarsa, har da 'yar gyaran muryar da yake yi kafin ya saki zolaya. Hajiya ta karɓi wayar da hannu biyu ta kara a kunne.

Na tambayi yaron wa ya ba su izinin koya wa na'ura muryar tun farko. Ya ce ai gwaji ne kawai. Na ce to muryar za ta karanta talla? Ya yi murmushi ya ce wannan ba sashensa ba ne. Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya.

Zulai ta ga laifina. "Kawu, kai komai sai ka ce akwai wani abu a ƙasa," in ji ta. "Yarana ba su san shi ba. Hausar ma ba su amsawa. Ko a nan su ji kakansu." Gaskiya ta faɗa. Yaron ya tura gwajin a wayar Hajiya ya tafi. Na ji labarin kullum tana kunna shi a kicin tana aiki. Na ji tsoron za ta yarda, kuma da ta yarda ba zan iya zarginta ba.

Ranar sadakar tunawa da shi ta bana falon Hajiya ya cika. Na dubi masu zaman, 'yan Ghana, 'yan Nijar, Kanawa, na ga yawancinsu a shagon nan suka fara sanin juna, wasu har sun haɗa zuri'a. In ana neman abin da ya rage na Sule, ni a wurina su ne. Ana gama addu'a yaron ya iso karɓar amsa.

Hajiya ta sa aka ba shi abinci, ta jira ya ci. Sannan ta ce, "Ɗana, mutumin nan tun da ya zo ƙasan nan yana tsaye a kan ƙafa. A bakin aiki ya faɗi. Yanzu da Allah ya kwantar da shi, ku kuma za ku tashe shi ya koma aiki? Ku bar shi ya huta."

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce in haka ne sai an cire gwajin daga wayarta. Ta ce ta sani. Ta kunna shi sau ɗaya a gabanmu har ya ƙare. Sai ta miƙa wa Zulai wayar ta ce, "Goge."