Kyanwar Kakata

Jiya a Tunga ina jiran Keke Napep, wata kyanwa ta dube ni, ta lumshe ido a hankali. Nan take na tuna da kakata.

Tana da wata farar kyanwa a gidanmu na Ketaren Gwari. Takan ce mini, "Idan ta lumshe miki ido, gaishe ki take yi. Ki amsa mata." Ni kuwa dariya nake yi.

Da ciwon Kaka ya tsananta, kyanwar ta daina fita. Kullum tana kwance a kan ƙafafunta da suka kumbura, ɗakin sai warin man zafi. Wata rana na ɗauko tsintsiya zan kore ta.

"Ƙyale ta, 'yar nan," in ji Kaka da ƙyar. "Jinya take taya ku. Kowa ya shigo sai ya ce zan warke, ya fita. Ita zama take yi."

Bayan an kai Kaka makwancinta, kyanwar ta ƙi abinci. Na ba ta kan kifi, ta sunsuna, ta koma kan tabarmar Kaka. Wata safiya muka neme ta muka rasa.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka kabarinta, Ya ɗebe mata kewa.