Wasan da na bar wa surukina

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar surukina, mahaifin Hajara mai ɗakina. Ku yi mini afuwa, ba zan rubuta sunansa ba, har yau hannuna bai iya ba. Baba muke ce masa. Malamin asibiti ne a Gwandu, kuma sai da ya kusa ritaya wani likita Bamisire ya koya masa darar Turawa, wato ces. Yana son wasan kamar me, amma tsakani da Allah bai ƙware ba. Ni kuwa tun a kwalejin horon malamai wani malaminmu Ba'indiye ya goge ni, har a Kalgo inda nake koyarwa aka rasa mai karawa da ni.

Wata shekara, tun muna cikin jihar Sakkwato, aka shirya wa ma'aikata gasa a wani aji a Kalgo. Aka yi ƙuri'a, sai ga sunana kusa da na Baba. Innalillahi! Mutumin da ko ruwa ban iya sha a gabansa, shi zan zauna in kashe wa sarki mutane na kallo? Kaina a sunkuye muka fara, kowa na rubuta tafiyarsa a takarda. A tafiya ta goma sha tara dokina na da gidan da zai dira ya ritsa sarkinsa da hasumiyarsa lokaci guda, shi ke nan wasa ya ƙare. Na gani sarai. Sai na ɗauki sarauniyata na ajiye ta a bakin ƙaramin sojansa. Ya cinye, aka tafa masa, na koma gida ina ganin na yi ladabi.

Bayan mako guda ya aiko in zo Gwandu. Na iske shi a zaure bayan la'asar, ya jera allo, takardar wasanmu duk ta sha jan biro. Ashe kwana bakwai ya yi yana maimaita wasan shi kaɗai. Ya bi da ni tafiya bayan tafiya, yana nuna inda ya yi wauta, yana yi wa kansa dariya. Da muka zo ta sha tara sai ya ɗora yatsa a kan dokin.

"Malam, wanga doki ciwon ƙafa garai?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba:

"Tafiya sha takwas ba ka yi kure ko guda ba, sannan ka makance? Da na ba ka ɗiyata ba ka ji kunyar amsa ba, sai cin wasa! Ban son wagga nasara. Mu sake, ka yi iyakar ƙarfinka."

Na ce, "To Baba, in Allah Ya yarda." Shekara shida ina wannan in Allah Ya yarda, har ya rasu. Duk sallah in mun je gaisuwa allon na nan a jere, ni kuma kullum da uzurina: mota za ta tashi, hadari ya taso. Bai taɓa matsa mini ba, sai dai ya dubi allon ya ce mu gaida gida.

Yanzu ƴaƴana kan kara da waya a wasan ces, ita ce ma ke nuna musu kurensu nan take. Na tabbata da Baba ya ga wannan zamani da ya ƙaunaci wayar nan, don ba ta san suruki ba, kuma ba ta rangwame.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne ƙin karɓar abin da ba nasa ba, ko da tafi ne, kuma ina ganin halin a wurin Hajara kullum. Ni kuwa ina kewarsa, kewa mai ciwo. Abu ɗaya tak ya taɓa roƙona a duniya, in ɗauke shi abokin wasa, na hana shi da sunan girmamawa. Allah Ya jiƙanka da rahama, Baba. Da zan samu la'asar ɗaya kacal, wallahi da na cinye ka ba sassauci, kuma na san da ka tashi kana murna.