Inna Sawako da Zanen da Ta Ba Mu Aro

Ku Hausawan unguwar Abbasiyya ta Alƙahira, wane ne a cikinku bai taɓa riƙe wa tsohuwar nan katako ba? Wanda bai taɓa ba ya kama gabansa, ba da shi nake ba. Saura ku tsaya ku ji.

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Sawako Minetani ta rasu a gidanta bayan jinyar ciwon ƙirji, shekarunta sun kusa tamanin. Mutuniyar Japan ce, mai zane da fentin ruwa. Aure ya kawo ta Alƙahira, mijinta Isam ya rasu, ta ƙi komawa. Mu da muke haya a benen da take, Inna muke ce mata. Ta tafi ta bar babban zanenta na ƙarshe aro a hannun ƙungiyarmu ta Hausawa, kuma yau babu shi a bango, babu mai faɗin inda yake.

Inna, ni ba ɗan jami'a ba ne. Ɗaurin kaya nake yi wa fatake, karatuna na tsofaffin littattafan bakin titi ne. Ba ki taɓa tambayata takardar shaida ba. Kin leƙo matakala kin ce, "Tanimu, zo ka riƙe." Na tarar da takarda mai kauri manne da katako tsawon ƙyauren ƙofa, kin jiƙa ta sharkaf. Kika ɗiga shuɗi nan, ruwan ƙasa can, kika kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka riƙa karkatawa, launi yana gangarawa yana shiga ɗan'uwansa. Idan kin ce khalas a ajiye, ba a sake taɓawa. Abin da ruwan ya bari shi ne zanen. Na yi garaje na lalata miki takarda biyu, kika haɗa mini shayi kika ce gobe ma in zo.

Ina tuna Hadi, ɗalibin fiƙihu, da ya toge a bakin ƙofa don ya ji an ce gidan mai zane ne. Ya leƙa yana neman fuskar mutum ko ta dabba, bai samu ba. Ya tambaye ki mene ne wannan ɗin. Kika ce shekara arba'in kina yi, ke ma har yanzu ba a faɗa miki ba. Shi ne ya zama gwanin riƙon katako a cikinmu, kuma yanzu a kan irin wannan launi yake shimfiɗa rubutunsa na alƙalami. Balki, wadda kika kai asibiti a Giza kika zauna da ita lokacin da ba ta da kowa a Masar, tana Damagaram tana rinin mayafai da dabararki. Baƙin ɗalibai da sanyin Janairu ya kama babu shiri, bargunanki suka lulluɓa.

Zanen ƙarshen nan, da ƙarfinki ya ƙare, mu shida muka ɗaga miki katakon, kina zaune a kujera kina nuna mana da hannu. Kika ce a rataye shi a ɗakin karatun ƙungiya zuwa wani lokaci, tunda da hannunmu a ciki. Kika hana a sa masa gilashi. Abu guda kika roƙa, kada a bari ruwa ya taɓa shi.

Kina kwance a asibiti ƙungiya ta yi babban baƙo, aka yi shara da goge-goge. Washegari bango fayau. Kamilu, wanda yake wurin, ya ce ya ga an nufi zanen da jiƙaƙƙen tsumma don an ga ya yi ƙura, daga nan ya ƙi ƙara mini ko kalma. Na tari Ja'afar, shugaban ƙungiya, ya dafa kafaɗata ya ce ma'alish, wato ba komai, an adana. A ina? Sai ya ce lokacin darasi ya yi.

Na san masu cewa ai ba Musulma ba ce. Na sani, kuma ban zo da fatawa ba. Hukuncinta yana hannun wanda ya halicce ta, wanda rahamarsa ta yalwaci komai, shi ya san abin da ta yi mana. Amma amana ba ta tambayar addinin mai kaya, kuma ku kuka fi ni sanin babin.

Ina yi wa 'yarta Duaa ta'aziyya, da jikokinta, da danginta na Japan. Allah ya ba su haƙuri, ya sanyaya zukatansu, mu kuma ya sa mu cika da kyau.

Duaa tana tattara ayyukan mahaifiyarta don a baje su a unguwar Zamalek. A wurin zaman makoki ta tambaye ni yaushe za ta aiko a ɗauko babban.

Malam Ja'afar, ranar Juma'a akwai taron ƙungiya, kuma na gayyaci Duaa. Idan zanen yana nan, fito da shi. Idan an goge shi, fito da takardar haka nan, ko da dabbare-dabbare ne ya rage, kayan uwarta ne. Ba na son waya, ba na son a ja ni gefe. Ka miƙe a gaban jama'a ka dubi matar nan ka faɗa mata abin da aka yi.