Ɗan'azumi Makaɗi da Taken da Ya Ci Iyalinsa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Abdulmumini ɗan Gado, wanda aka fi sani da Ɗan'azumi Makaɗi, a garin Dumega na ƙasar Arewa, cikin watan Ramalana na shekarar 1323 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1905 ta Miladiyya, a zamanin da Nasara Faransawa ke kafa mulkinsu a wannan yanki. Mahaifinsa, Gado, makaɗin gangar noma ne da ya gaji sana'ar kaka da kakanni, mahaifiyarsa kuwa, Lantana, 'yar manoma ce daga Tibiri. An rubuta wannan tarihi ne domin na baya su san haƙiƙanin abin da ya auku a mararrabar Kore Mairuwa, saboda an daɗe ana ɗora wa iskoki laifin da 'yan Adam suka aikata da hannuwansu.

Karatunsa da Koyon Sana'a

Da ya kai shekara bakwai aka sa shi makarantar allo a garinsu, inda ya samu gwargwadon abin da zai yi salla da shi, kafin yunwar 1914 ta watsa malamin da ɗalibansa. Bai shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba, domin waɗanda ke ɗibar yara zuwa Dogon Dutsi ba su ga amfanin ɗan makaɗi ba. Saboda haka ya rataya ganga ya bi mahaifinsa gonaki, inda ya laƙanci ilimin take, wato gajeren kiɗan da ake keɓe wa mutum ɗaya, wanda da zarar ya ji shi ya san da shi ake. A wurin gayya saurayi kan ji takensa ya mance da gajiya, ya duƙa ba ji ba gani har sai ya bar tsararrakinsa a baya. Amma Gado ya hore shi da sharaɗi guda wanda bai taɓa sassautawa ba, shi ne makaɗi ya kafa ido a kan mutumin da yake zugawa, in ya ga ƙafarsa ta soma rawa ya ɗauke hannu nan take, ko da kyauta ce ake zuba masa.

Aikin Hanya

A shekarar 1927 aka tara mazajen ƙauyuka aikin dole na gyaran babbar hanyar da ta taso daga Doso ta bi ta Kore Mairuwa zuwa Dogon Dutsi, kuma Ɗan'azumi yana cikin waɗanda aka kama. Da gardi, wato dogarin kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin, ya fahimci cewa mutane sun fi ɗaukar tsakuwa da sauri in ana yi musu kiɗa, sai ya karɓe kwandon da ke kan Ɗan'azumi ya miƙa masa ganga. A nan ne aka fara karya sharaɗin mahaifinsa, domin sau da yawa ya ga ƙafar mutum tana rawa ya nemi ɗauke hannu, bulala ta mayar da shi. Mutane sun faɗi a wannan aiki, wasu ba su ƙara tashi ba, kuma babu wanda aka taɓa tuhuma a kan ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Aurensa da 'Ya'yansa

A shekarar 1929 ya auri A'i, 'yar maƙwabcinsu a Dumega, wadda ya daɗe yana kaɗa wa take a dandali tun tana budurwa, kuma ita kaɗai ya aura tsawon rayuwarsa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Mani, wanda aka haifa a 1931, shekarar da fara ta cinye amfanin gona, sai Ladidi a 1934, sai Inusa a 1938, sai autarsu Fati a 1942. A'i mace ce mai yawan barkwanci, kuma an ruwaito cewa takan tsokane shi a gaban baƙi da cewa ita ganga ta aura, shi ɗan rakiya ne. Bayan an soke aikin dole a 1946, ya kwashe iyalinsa ya koma Kore Mairuwa, inda hanyar Tibiri da Dumega ta haɗu da babbar hanya, saboda kasuwar garin ta fi ta garinsu albarka ga makaɗi.

Taken Direbobi

A waɗannan shekaru cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motocin wani kamfanin Nasara suka riƙa zirga-zirga a hanyar, kuma wakilin kamfanin yana fifita direban da ya riga 'yan'uwansa isa, ba tare da ya taɓa tambayar yadda aka yi ya riga su ba. Direba a lokacin ya fi ɗan sarki kwarjini a idon 'yan mata. Ɗan'azumi ya lura cewa samarin da yake zugawa a gona sun ragu, kyauta kuma ta koma hannun masu mota, sai ya ajiye gangar noma ya ɗauki kalangu. A shekarar 1949 ya ƙaga wa wani direba mai suna Buba take, wanda kalangu ke faɗa a cikinsa: Buba ba ka tsayawa, mai tsayawa ba Buba ba.

Al'adar da ta biyo baya ita ce, ranar kasuwa Ɗan'azumi yakan tsaya a bakin mararraba, da ya hango ƙurar mota daga wajen Doso sai ya saki take, direba kuma ya taka totur, ya danna oda, ya fito da hannu ta taga ya yi jinjina, ya jefo kyauta yana wucewa, jama'a su ɗauki shewa. Rage gudu a wannan wuri ya zama abin kunya, har yara kan bi direban da ya taka birki da ihu. Motocin Faransawa mazaunin direbansu a hagu yake, saboda haka makaɗi yakan tsaya ta hagu domin kyauta ta faɗo kusa da shi. Hanyar Tibiri kuwa ta dama take shigowa. Ma'ana, a daidai wurin da ya wajaba direba ya dubi dama ya rage gudu, a nan ne gari guda ya taru ya koya masa duban hagu, da ƙara gudu, da riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Dattawa sun gani, malamai sun gani, gardi ma yana cikin masu shewa, kuma duk cikinsu ba a samu mai hankali ɗaya da ya buɗe baki ba. Shi kansa Ɗan'azumi ya mance cewa mahaifinsa ya hore shi da kallon ƙafar wanda yake zugawa, ga shi kuma yana zuga mutumin da ƙafarsa ke ɓoye a cikin ƙarfe.

Hatsarin 1953

A watan Disamba na shekarar 1953, A'i ta raka Ladidi Dumega domin gaida dangi, watanni kaɗan kafin lokacin da aka sa na bikinta. A ranar kasuwa suka samu wata motar gyaɗa da ta taso daga Tibiri, wadda wani direba mai suna Sambo ke tuƙawa, suka hau bisa buhuna tare da wasu mata masu tallar nono. Ɗan'azumi bai san da wace mota za su dawo ba. Yana tsaye a wurinsa na kullum, ya hango ƙurar Buba, ya saki take, Buba ya taka totur ya juyo da fuskarsa hagu yana dariya, hannunsa a sama. A wannan hali motar Sambo ta kunno kai cikin mararraba, ta Buba ta soke ta a haƙarƙari ba tare da an ko taɓa birki ba.

Mutum bakwai suka rasu, cikinsu har da Sambo, da A'i, da Ladidi. Waɗanda suka shaida abin sun tabbatar da cewa kalangu bai yi shiru ba sai bayan da ƙarar ƙarfe ta tashi, domin idon makaɗin yana kan hannun da zai jefo kyauta. Shi da kansa ya ɗaga buhun gyaɗa ya ga zanen da ya saya wa matarsa da sallar da ta wuce. Buba kuwa karayar hannu kawai ya samu.

Shari'ar Dogon Dutsi

A farkon shekarar 1954 kumandan ya saurari maganar a barikin Dogon Dutsi, wakilin kamfani yana zaune a kujera kusa da shi. Aka yanke hukunci cewa laifin Sambo ne da ya shigo babbar hanya bai tsaya ba, kuma hukuncin ya yi wa kowa daɗi, tunda mamaci ba ya musu. Ɗan'azumi ya taka da ƙafa har bariki ba tare da an kira shi ba, ya ce wa tafinta: “Hwaɗa mai ni niƙ ƙago take, ni nij janye idon Buba. A ɗaure ni, a hana kiɗa bakin mararraba.” Da aka fassara, kumandan ya yi dariya ya ce bai taɓa jin ganga ta tuƙa mota ba, ya sa aka fitar da shi. Kafin kakar gyaɗa ta gaba Buba ya koma bisa sitiyari, domin kamfani ba shi da direban da ya kai shi sauri.

Mutanen gari kuma suka nemi nasu mai laifin da ba ya musu. Aka ce doguwar mararraba, wato aljanar wurin, ita ce ta nemi jini, aka yanka mata baƙin bunsuru, aka ce magana ta ƙare. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma waɗanda suka yaɗa ta sun san ƙarya ce, domin suna wurin, da bakinsu suka yi shewar. Doguwa ba ta taka totur ba, ba ta ɗaga hannu ta taga ba, ba ta kuma yi wa mai taka birki ihu ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

Tun daga wannan rana Ɗan'azumi bai ƙara taɓa kalangu ba, ya koma noman ɗan abin da zai ci, ya kuma duƙufa ga buri guda, wato ya kashe taken da ya ƙaga kafin taken ya ƙara cin wani. Ya je wurin mai gari, ya je wurin liman, ya bi makaɗa gida gida, kowa ya yi masa ta'aziyya ya sallame shi. Take kuwa ya riga ya fita hannunsa, domin kowane direba sai a cire sunan Buba a sa nasa. Ranar kasuwa yakan tsaya ta dama, a bakin hanyar Tibiri, yana ɗaga sanda yana yi wa motoci alamar su rage gudu, alhali direbobin duk hagu suke duba. Yara suka laƙaba masa Mai Tsayawa, manya kuma suka ce mutuwar iyali ta taɓa masa hankali. An sake yin karo a wurin a 1955 da 1957, aka sake yanka bunsuru.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya zo a 1956, lokacin da babban ɗansa Mani, wanda ya yi aure ya fara tara iyali, ya ɗauko kalangun da ke rataye ya tsaya a tsohon wurin mahaifinsa. Ɗan'azumi ya tsallaka hanya a gaban jama'a ya ce masa: “Wanga take ya ci uwakka, ya ci ƙanwakka. Shi za ka ciyad da ɗiyanka?” Mani ya sunkuyar da kai ya ce: “Baba, in ban kaɗa ba wani na kaɗawa. Kai kak koya min, ban san wata sana'a ba.” Daga nan har ƙarshen rayuwarsa, duk ranar kasuwa uba yana tsaye ta dama da sanda, ɗa yana tsaye ta hagu da kalangu, motoci suna ratsawa tsakaninsu a guje.

Rasuwarsa da Jana'izarsa

Allah ya yi wa Ɗan'azumi rasuwa a Kore Mairuwa cikin damanar shekarar 1959, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji, yana da shekara hamsin da uku. Wasiyyarsa guda ce, kuma ya faɗe ta a gaban liman da 'ya'yansa: kada a kaɗa komai a kansa, kuma a fasa kalangun. Maƙabartar garin tana ƙetaren babbar hanya, saboda haka dole makara ta ratsa mararraba. Direbobin da suka ji labari suka yanke shawarar girmama mutumin da ya ɗaukaka sana'arsu, suka jero motoci daga wajen Doso, makaɗan gari suka saki take, direbobin suka wuce a guje suna oda suna jinjina. Masu ɗauke da makara suka ja da baya a firgice, suka ajiye ta a gefen hanya har ayarin ya wuce, sannan suka karkaɗe jar ƙasa daga likkafani suka ci gaba. Da yawa daga cikin mahalarta sun ce ba a taɓa karrama makaɗi haka ba a ƙasar Arewa. An binne shi kusa da kabarin A'i da na Ladidi. Kalangun kuwa ba a fasa shi ba, domin magada sun ce kayan gado ne.

Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Fati, wadda ke aure a Dogon Kiriya, da Inusa, manomi a Dumega, wanda bai taɓa yarda ya hau mota ba, da Mani, makaɗin direbobi, wanda har lokacin rubuta wannan tarihi yake tsayawa ta hagun mararrabar Kore Mairuwa kowace ranar kasuwa.