Ɗakin Bakin Ƙofa a Aziziya

Malam ya rasu a shekarar korona, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ambace shi sai hawaye, jikata mai rubuta mini wannan ta saba jirana. Da na fita takaba aka buɗe hanyoyi, babban ɗana, wanda ke aikin likita a Doha, ya ɗauko ni zuwa gidansa a Aziziya.

Gida ne mai faɗin tsakar gida, mu shida kacal a ciki. Maƙwabta ma haka, kowa da katangarsa da motocinsa, kuma duk masu hali ne. Na yi wata guda ban ji sallamar mai neman aron turmi ba. A unguwarmu a Zariya, katanga ɗaya ce tsakanin gidan alƙali da na mai gyaran keke.

Mai sanyaya mini zuciya shi ne ƙanin Malam, wanda ya daɗe a nan yana tuƙa motar kamfani. Muryarsa sak ta marigayi. A Nu'aija yake zaune, cikin wani gida da aka yayyanka da katako don ya ɗauki mutane da yawa. Duk Juma'a yakan zo cin tuwo, tun daga ƙofa yana tsokanata, wai matarsa ta tsufa ta bar shi saurayi.

Da wasan ƙwallon duniya ya matso, aka ce su tashi. Wai unguwar masu iyali ce, doka ba ta yarda ma'aikata maza su taru a gida ɗaya a cikinta ba. Kamfani ya kwashe su can bayan gari, wajen masana'antu. Juma'a uku ban gan shi ba.

Sai na yi abin da na san ana yi. Na fita tsakar gida na auna wurin ɗaki da ƙafata, kamar yadda Malam kan yi in ɗan'uwa ya zo zama, na ce wa ɗana ya kira magini. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce gidan haya ne, kuma nan ko bulo ɗaya ba a ɗorawa sai hukumar gari ta yarda. Na tambayi ɗakin bakin ƙofa da aka cika da kwalaye. Ya ce na direban gida ne, kuma baffansa ba zai iya barin masaukin kamfani ba sai in takardarsa ta dawo hannunmu, shi ɗana ya zama kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar.

"To ka ɗauke shi direba," na ce.

"Hajiya, baffana zan sa aiki?"

Na kira ƙanin Malam a waya da kaina. Ya ce yaron da ya ɗauka a kafaɗa ne zai zama maigidansa? Na fashe da kuka, na gaya masa ba direba nake nema ba, in ya yi sallama yayansa nake ji. Ya ce khalas, shi ke nan, ya yarda, kada a ce ya sa matarsa kuka a ƙasar mutane.

Takardu ba su fito ba sai bayan an gama ƙwallo. Ranar farko ƙanin Malam ya wanke mota tsaf, ya buɗe wa likita ƙofar baya, ya rusuna. "Yalla, mu tafi, ranka ya daɗe." Ɗana ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓe makullin. Tun ranar likita ke tuƙi zuwa asibiti, direba na gefe yana gyara masa hannu, sai a can ya karɓi motar ya dawo ya kai yara makaranta.

Maƙwabciyarmu, wata Balarabiya, ta daɗe tana kallon wannan daga tagarta. Rannan ta tare surukata ta tambaye ta wane ne direban a cikinsu. Da aka gaya mata, ta ce za ta ja wa mijinta kunne kada ya ɗauko direba daga ƙasarmu. Ƙanin Malam kuwa yana nan a ɗakinsa, taku goma sha biyu daga tagata. Na auna.