Ɗiban Wuta a Bayan Dutse

Jikata ta zo daga Yamai da rani, ta zauna bakin tabarmata tana juya maganar gidaje biyu da ita da mijinta suka gani. Ɗaya ƙarami ne, kusa da kasuwa da inda mota ke tsayawa. Ɗayan babba ne, can bayan gari, har da wurin shuka mangwaro. Wai ni in zaɓa musu. Na ce ta je ta tambayi wani, ni na taɓa zaɓe sau ɗaya, ya ishe ni. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne. Abin da ban gaya mata ba shi ne zan faɗa a nan.

Zamanin Nasara ne, kwamanda na bariki, mu muna Dogon Dutsi. Maigidana tela ne, yana da kekensa a rumfar kasuwa. Mu uku ne, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. A gidan kawunsa muke raɓe, cikin mutane fiye da yadda gidan zai ɗauka. In na shanya gero awakin wani su ci, in na yi tari a ɗaki a tambaye ni a tsakar gida. Ni kuwa tun ina yarinya ba ni da haƙurin cunkoso. Na dame shi safe da yamma har ya yarda mu buɗe namu ƙofar.

Wuri biyu aka nuna mana. Akwai gidan wani mai goro da ya tattara zai koma Kurmi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. In ka leƙa ta kan katanga kana ganin rumfunan kasuwa, kana ganin gindin icen da kamyo ke tsayawa, wato babbar motar da ke zuwa daga Doso ta wuce gabas. Sai kuma fili a bayan dutse, wajen hanyar Dogon Kiriya, inda mai unguwa ya ce mu kewaye iyakar abin da darninmu zai iya kewayewa. Da na ga filin nan zuciyata ta tafi. Na ga rumbu biyu, na ga turken awaki, na ga inda zan shuka kuɓewa da yakuwa ba mai taka mini.

Inna ba ta kiran maigidana da suna, ɗanta ne na fari. Ta dube shi ta ce, "Kai wanga, gida ba hili ba ne. Ni dai kusa da mutane nika so." Na karɓe maganar tun bai buɗe baki ba. Na ce, "Haba Inna, mutanen nan ai su suka hana mu shan iska. Tafiyar ma nawa take?" Ta ce, "To, ɗiyata." Ni a lokacin na ɗauka na ci gardama.

Akwai dalilin da ya sa take son kusa da mota, kuma na san shi sarai. Ƴan ɗakinsu duk sun rasu, saura ita da ƙanwarta guda da ke aure a Kore Mairuwa, kan hanyar Doso. Tun ranar da suka wanke mahaifiyarsu tare suka yi alkawari, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wankan gawa, kada hannun baƙo ya taɓa ta. Inna ba ta ɓoye wannan ba. Takan faɗe shi tana tsinke zogale, kamar maganar cefane. Ƙanwar kuma ta daɗe tana fama da ciwon ƙirji.

Muka gina. Ɗakuna uku na laka, darni na kara mai faɗin da sai ka ɗaga murya kafin na ƙofa ya ji ka. Tsofaffi suka ce gawon da ke kusurwar gabas na aljana doguwa ne, Inna ta zuba masa nono ranar da muka tare, ba ta tambayi ra'ayin kowa ba. Gaskiya na ji daɗin gidan, ba zan yi ƙarya ba don abin da ya biyo baya. Kuɓewata ta yi, awakina suka haihu, na yi daka ina waƙa ba mai ce mini na cika surutu. Maƙwabtanmu Filani ne, ruga uku can gaba, matar ɗaya na kawo mana nono da hantsi. Maigida kuwa shi ya sha rairayi, kullum sai ya kewaye dutsen da ƙafa zuwa rumfarsa, ya dawo da yamma yana zazzage takalmi.

Ƴan yanzu ba su san ɗiban wuta ba. A cikin gari, in gari ya waye, mace takan ɗauki ɗan kasko ta shiga gidan da ta ga hayaƙi, a zuba mata garwashi biyu ko uku ta kai murhunta. Ba a roƙo, ba a godiya mai tsawo. Amma kafin garwashin ya shiga kasko an gaya mata wadda ta haihu, wanda ya kwana da zazzaɓi, wanda ya sauka daga mota jiya da abin da ya zo da shi. Ita ma ta kai gidan gaba. Kafin a sauke koko duk unguwa ta ji. Saƙo ma haka ake ba da shi, ba a aika mutum musamman, sai a ce bari ta zo ɗiban wuta.

Mu a bayan dutse ba hayaƙin kowa. Maigida ya sayo ashana a kanti, ya miƙa wa Inna da hannu biyu yana jin ya yi abin kirki. Ni kuma na iya binne gungume cikin toka ya kwana da rai. Amma kullum da safe sai in tarar murhu ya yi sanyi, Inna ta ɗauki kasko ta nufi gari. Na zargi iccen, na zargi iska, har doguwar gawo na zarga. Wata safiya na fito da wuri na kama ta tsaye da moɗa tana yayyafa wa tokar ruwa. Na ce, "Inna! Ashe ke ce?" Ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Wutar ashana ba ta da daɗin tuwo." Ta wuce abinta.

Abin haushin, garwashin ba ya isowa. Kafin ta kewayo dutsen ya mutu, sai ta zauna ta ƙyasta ashanar da ta raina. Na yi mita har na gaji. Ita dai ta dawo da fuska a sake, ta gaya mini labarin gari ina so ko ba na so, daga ƙarshe ta ce, "Ba saƙo daga Kore Mairuwa, lahiya ke nan." Gidan da take zuwa na wata mai fura ne, ƙawarta, wadda ke zama da ƙwaryarta a gindin icen mota. Duk wanda ya sauka sai ya sha furarta, duk saƙon da ya zo ta hannunta yake bi.

Shekara ta kewayo na haifi ɗiyata ta fari. Matan gari sun zo barka, sun zo suna, suna ta yaba faɗin gidan suna tausa gwiwoyinsu. Bayan suna ƙafa ta ɗauke, ban kuma ga laifinsu ba. Inna ce ke yi mini wankan jego safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen runhu. Wuta ba ta mutuwa a gidan jego, ko ita ba ta isa ta kashe ta ba. Duk da haka takan saci jiki bayan wankan safe, duk bayan kwana biyu ko uku, ta ɗauki kaskonta don kada a ce yawo ta fita. Ranar Juma'a kuwa, ranar kasuwa, ba ta taɓa fashi ba.

A mako na uku maigida ya ɗora kekensa a jaki ya tafi Dumega ɗinkin Sallah. A makon ne nonona ya kumbura, zazzaɓi ya kama ni, jaririya na kuka ni ma ina yi. Safiyar Juma'a, bayan wanka, na ga Inna ta yafa zane ta ɗauki kasko. Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, don Allah ina za ki? Ga wuta nan tana ci kamar ta maƙera. Ni kaɗai za ki bari da yarinya cikin dajin nan?" Ni da bakina na ce daji, ni da na zaɓe shi. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dubi wajen dutsen, ta dube ni. Ta ajiye kaskon a gindin randa ta ce, "Kawo ta nan." Ta goya jaririyar, ta jiƙa mini kanwa, ta wuni tana gasa mini nonon da tsumma mai ɗumi.

Asabar da hantsi muka ji sallama. Mai fura ce, ta zo da ƙafa, tana haki, zanenta duk ƙarangiya. Ba ta zauna ba. Ta ce tun Alhamis da la'asar wani fasinja ya sauka ya bar saƙo, a gaya wa tsohuwar gidan tela ƙanwarta na kwance, tana kiranta. Ta ce, "Na ce gobe Juma'a, dole ki zo ɗiban wuta, in gaya miki ki hau motar azahar. Duk unguwa an ji, kowa na jiran ki. Na yi ta duban hanya har mota ta tashi." Tana faɗa tana kuka. Ba wanda ya yi mugunta. Kowa ya ajiye saƙon a inda aka saba ajiye shi.

Wata motar sai bayan kwana uku. Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙullinta, ta sa sabulun salo da sabon soso a ciki, ina kallo. Mijin mai nononmu ya ba da jakinsa, ya ce shi zai ja mata. Ta bar wa matarsa amanar wankana, ta nuna mata tukunyar da yawan ganyen. Ni na kasa haɗa ido da ita. Da za ta fita ta ce, "Ki ci gaba da gashin, kada ki bari shi yi ruwa."

Sun kwana a hanya, suka isa Lahadi da safe. Mai jakin ne ya dawo ya gaya mini. Ƙanwar ta kai har Asabar da azahar tana tambaya ko mota ta zo. Kafin la'asar an kai ta. Da Inna ta hau motar Juma'a da ta tarar da ita da rai, da sun kwana ɗaki ɗaya. Na zauna a tsakiyar filin nan nawa, tsakanin rumbu biyu da turken awaki, na yi kuka har mai nono ta karɓe jaririyar daga hannuna. Na tsani gidan ranar, na tsani bakina fiye da gidan.

Maigida ya dawo kafin ita. Da ya ji, ya ce za mu koma cikin gari ko ɗaki ɗaya ne. Ya je ya tambaya, gidan mai goro tuni wani gardin bariki ya shiga da iyalinsa. Ya ce zai ci gaba da nema. Ni dai na ce to.

Bayan sadakar bakwai Inna ta dawo, a mota wannan karon, ta kewayo dutsen da ƙafa da yamma. Ta rame. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na fara cewa, "Inna, ni ce na hana ki..." Ta ce, "An ɗora ruwan?" Na ce ba a ɗora ba tukuna. Ta ajiye ƙullinta ta ɗora da kanta. Maganar komawa gari da ɗanta ya kawo, ta ce a bar ta, wadda take jiran saƙonta a mota ta riga ta wuce.

Muka shiga bayan ɗaki. Na zauna a kan turmi, ta tsoma ganye cikin ruwa ta fara fyaɗa mini a baya kamar kullum. Can ta ce, "Matan unguwarsu sunka wanke ta. Sun ce sun yi da kyau." Ta sake tsoma ganyen. Sai na ji ta bar fyaɗawa, ta kama hannuna na dama ta zuba masa ruwa a hankali tun daga kafaɗa har yatsu, sau uku, sannan ta koma na hagu. Ba haka ake wankan jego ba. Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Dama ta riga hagu. Ba a sauri, ba a magana, kuma ba a buɗe mutum gaba ɗai. Kina gani?"

Na ce ina gani.

Ta ce, "To ki riƙe, ɗiyata. Ba ni da kowa yanzu. Ke za ki yi mini."

Na ɗaga mata kai ina hawaye. Ta ce in juya ta gama mini bayan kafin ruwan ya huce.