Bututun Tirkaniya da Ya Daina Hayaƙi

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Na taɓa ajin elemantare, na yi aikin masaƙa har furfura ta fara leƙowa, amma bututu guda ya ɗauko ni tun daga Funtuwa har ƙetaren kogin Kaduna da rabin buhun masara.

Wani mai goro maƙwabcinmu ne ya dawo daga Kaduna, ya tare ni a ƙofar masallaci, ya rage murya ya ce ya bi ta Tirkaniya, bututun gidan burodin 'yata ba ya hayaƙi, tulin itacen ƙofar kuma babu ko sanda. Ni kuwa a ilimina, inda ba hayaƙi ba aiki. Yarinyar nan 'yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba, balle in ɗaga waya in tambaye ta ko ta karye. Ita ma ko ginin ya rufta mata ba za ta gaya mini ba. Sai na ƙudurta in je in gani, in ta tabbata in kwaso ta da jikokina mu dawo gida, tunda mijinta direban tirela ne, rabin rayuwarsa a hanyar Legas take. Uwargida na ce mata zan je gaida tsofaffin abokan aiki. Ta dube ni, ta dubi masarar, ta jawo mayafi ta ce ita ma tana da waɗanda za ta gaisar.

Mun tashi da asuba, muka sami ƙaramar mota a tasha. Da aka buɗe but sai ga tukunyar gas kwance a ciki kamar majinyaci. Direba ya ce ya juyar da motar ta koma shan gas tunda fetur ya fi ƙarfin talaka. Na tambaye shi ko akwai ranar da za mu tashi sama gaba ɗaya, ya ce in ranar ta zo ba zai karɓi ƙarin kuɗin jirgi ba. Masarata dai ta rasa wuri, ta zauna ƙarƙashin ƙafata, gwiwoyina suna gaisawa da haɓata har Zariya. A can muka sha shayi. Ƙwai yanzu sai mutum ya yi shawara da iyali kafin ya ce a fasa, don haka muka bar kaji da abinsu.

Daga Kawo muka shiga bas, muka ratsa gari. Muna hawa gada na ga ruwan kogin ja, cike da damina. A da, in ka ƙetare gadar nan da safe, hayaƙin masaƙun Kakuri ne ke fara yi maka maraba. Jiniya ta yi kuka, kekuna su ɓarke a titi kamar an buɗe dam, Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe kowa da kwanon abincinsa ɗaure a sirdi. Matan Makera masu sayar da tuwo kan duba sama kafin su ɗora tukunya, in hayaƙi ya yi kauri sun san tuwo zai ƙare. Yanzu ga bututan nan tsaye, ciyawa ta fito a gindinsu, tsuntsaye sun gaje mu.

Don kada ƙaryata ta tashi a banza, muka tsaya wurin wani tsohon abokin aikina, mutumin wajen Kafancan, wanda injinmu ɗaya da shi a da. Yanzu gyaran janareto yake yi. Muka rungume juna, ya ce na tsufa, na ce masa madubi yana araha a Kaduna. Ya sa aka kawo mana waina da miyan taushe, yana mitar cewa masu shagunan Barnawa duk sun shimfiɗa farantan sola a rufi, masu aski da masu ƙanƙara sun daina nemansa, har ya fara koyon haɗa batir da tsufansa. Ina cin waina, hankalina yana Tirkaniya.

Keke ya sauke mu a bakin layin. Na ɗaga kai, bututu a bushe, itace babu. Nan take na fara tsara yadda za a raba ɗakin baya. Sai dai hancina ya ƙi bin ra'ayina, don tun daga kwata nake jin ƙamshin burodi. Wata Madam mai farin hular aiki, wadda ke kula da tanda, ta tarbe mu da Hausarta mai haɗe da Turancin kasuwa, ta shigar da mu. Ciki fes, bango fari. Tanda ta ƙarfe tana ci da gas ba ƙara ba toka, injin kwaɓa fulawa yana juyi da wutar rana, janareto yana lungu an lulluɓe shi da buhu.

'Yata ta fito ta durƙusa. Na amsa gaisuwa ina kallon silin. Da na ga ba mafita sai na juya wajen Madam.

"Madam, tambayar mini mai gidan nan, me ya sami bututu?"

"Baba, ga ta a gabanka fa."

"Na gan ta. Ke nake tambaya."

Ita ma yarinyar sai ta fuskanci Madam take ba ni amsa. Ta ce itace ya yi tsada, jiƙaƙƙe ake kawowa da damina, maƙwabta sun gaji da shanya tana komawa baƙa, ma'aikata kullum idanu jajur. Da adashi da haƙuri ta canja tanda, daga baya ta sa sola. Burodin da ya kwana masu kiwon kifi ke kwashewa, rabon kaya kuma an haɗe shi zagaye ɗaya da safe maimakon keke ya yi ta safa da marwa. Ta ce gas ɗin ma ba waliyyi ba ne, yana da nasa laifin, amma dai an rage kabon sosai.

Nan na ga inda zan dawo da mutuncina. Na gyara murya na ce kabon ai mun san shi tun ba a haife ta ba, shuɗiyar takardar nan ce da akawu ke sawa a ƙarƙashi in zai rubuta abu biyu, ban kuma ga abin da ta tsare wa burodi ba. Madam ta shige bayan tanda, kafaɗunta suna rawa. Uwargida, wadda ashe ta ajiye tata kunyar tun zuwan wayar hannu, kullum suna hira da 'yarta, ta san komai tun ranar da aka kawo tandar, ita ce ta fassara mini cewa hayaƙin ake nufi, wanda ke taruwa a sama yana ƙara zafin gari yana rikita damina.

Da za mu tafi na ce a shigar da masarar, tsaraba ce kawai. Yarinyar ta dubi buhun ta daɗe, sannan ta ce da Madam, a hankali, "Ki gaya wa Baba, da na karye gida zan nufa, ba sai an zo ɗaukata ba." Na ce da Madam ta gaya mata na ji.

Mun iso Funtuwa bayan la'asar da burodi cike da kwali. Abin da tafiyar ta koya mini, sana'a tana iya numfashi ba tare da ta shaƙe maƙwabta ba, kuma mai goro goro ya sani. Amma da na zauna a tabarma ina tsoma burodin a shayi, sai na ce da uwargida, duk da haka fa burodin itace ya fi ɗanɗano, kuma garin da ba hayaƙi maraya ne, ni dai ina kewar na Kakuri.

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Kewar me, Malam? Ai ka taho da rabonka a ƙirji. Kai kake tarinsa, ni nake dafa citta."